Bututun da Ban Zuƙe Ba

Jama'a, abin da zan gaya muku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Ana saura shekara guda a sauke tutar Turawa ina aiki a Sakkwato, a wani ɗakin binciken cututtukan dabbobi, ni ne mai wanke kwalabe da kula da injuna, ga wando ga riga mai aljihu, ina jin duk Ƙofar Dundaye babu kamata.

Baturen da nake ƙarƙashinsa, muna ce masa Dogo, ya zo da wata na'ura don gwaji, wai mai aiki da maikirowef. Dogon bututun ƙarfe ne, a tura tururin abin da ake son ganewa a ciki, a sako masa igiyar wuta irin ta rediyo, sai wata allura ta riƙa zane a kan takarda. Kowane sinadari da irin zanensa, ba ya ara ba ya ba da aro, Dogo sai ya buɗe littafi ya ce wannan abu kaza ne. Doka ɗaya ce ya kafa mini: kafin a sa sabon abu sai famfo ya zuƙe tsohon tas, kuma zuƙar kan ci awa guda cur.

To, akwai wani tsoho majemi a unguwarmu, Baba Ummaru, mai bakin tsiya. Kullum na wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga likitan kwalba nan! Yau mi anka ba ka ka ɗauraye?" Mutane su kwashe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, na tsani mutumin nan, tsana ta gaske.

Ran nan shanu tara na wani Alhaji falke suka faɗi matattu a fadamar Kwalkwalawa. An ga Baba Ummaru a wurin da safe yana tsintar bagaruwar jima, kuma don ƙarar kwana shi ya fara zuwa tambayar ko za a sayar da fatun. Shi ke nan, aka ce shi ya sa musu guba don ya sami fata da arha. Aka kawo mana abin da ke cikin tumbin saniya ɗaya, da garin da aka samu a jakarsa.

Ranar Juma'a ce. Muka fara da na tumbin, allura ta zana wasu tsinaye, Dogo ya duba littafi ya ce lalle guba ce. Ya ce in zuƙe bututu in sa garin tsohon, ya tafi cin abinci. Ni kuwa na ga rana ta take, in na jira famfo sallah ta wuce ni, sai na kunna shi minti biyar kawai na kashe, na sa garin, na ruga masallaci. Ku ji fa, masallaci!

Da na dawo na tarar da Dogo riƙe da takardu biyu, zanensu iri ɗaya sak. Ya tambaye ni, na zuƙe sosai? Na ce ƙwarai. Kuma ba nan kaɗai laifina ya tsaya ba. Ni ɗan manomi ne, na ga ganyen dawa a tumbin nan da idona, na san an yi ruwan bazata bayan girbi, kuma ko yaron goye a ƙauyenmu ya san gyauron dawa, wato tohon da kan fito bayan an yanke kara, yana kashe saniya nan take. Dogo bai san wannan ba, bai tambaya ba, ni ma na ja bakina na yi gum, har wani sanyi nake ji a raina.

Da Dogo ya ba da sakamako cewa garin guba ne, yaran Alhaji ba su jira alƙali ba. Suka ɗaure tsohon nan a turken shanu da rana tsaka, suka ce in ba guba ba ce ya cinye garinsa. Suna dura masa yana shaƙewa, gemunsa duk ya yi ja, da suka ga bai mutu ba sai suka ce ai ya sha makari, suka ƙara masa da bulala. Ina cikin taron. Ya hango ni ya ce, "Ɗana, kai ka aiki da ƙarfen ga, gaya musu bagaruwa ta. Mi niy yi maka?" Na ce, "Baba, ni kwalba kawai nike wankewa." Har dariya aka yi, ni ma na yi. Aka kai shi gidan yari, wata biyu bai cika ba ya rasu, 'ya'yansa kuma aka kore su daga majema.

Kwana uku da rasuwarsa, da hantsi, Dogo ya kunna na'ura bututu wayam, don ni da kaina na zuƙe shi awa biyu. Allura ta zana tsinayen nan. Ya sake zuƙa, ya canza bututun ɗungurungum, ya kwance wayoyi ya mayar, zanen bai fasa ba. Ya aike ni in kawo ruwa, ina fita allura ta kwanta lakadan, ina sa ƙafa a ɗakin ta miƙe. Wai! Sau bakwai yana fitar da ni yana shigo da ni. Ya sa na yi wanka, ya ba ni rigarsa na sa, ya sa masinja da mai gadi suka shiga suka fita, su ko gezau allurar ba ta yi ba. Ni kaɗai ne.

Ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Bututu a rufe yake. Ko kai ka sha guba, babu hanya ya sani. Me ka yi?" Na faɗa masa komai, har da gyauron. Bai zage ni ba, ya dai ce in ajiye makullin ɗakin in tafi. Ina bakin ƙofa ina jin allurar nan tana ƙarce takarda.

Na koma noma. Tun daga ranar har yau da na yi furfura, babu dabbar da ta taɓa cin abu daga hannuna. Ragon layya in na miƙa masa dusa sai ya ja da baya yana huci har ya kusa tsinke igiya, jikana ya miƙa masa ita ɗin dai ya cinye. Na yi istigfari, na nemi 'ya'yan tsohon har Gidan Dahala in roƙe su gafara, aka ce sun bar garin, babu wanda ya san inda suka nufa.

Ku da kuke karantawa, in kun san abin da zai kuɓutar da mutum, ku buɗe baki tun yana da kunnen jin ku. Ni na buɗe nawa bayan an rufe tsohon a kabari da kwana uku.