Takalma a Ƙofar Gidan Gumaka

Jiya a masallacinmu na unguwar Fordham na sha wuyar neman takalmina, sai na tuna mai jera mana su ya shekara a ƙasa.

'Yarsa ta taɓa kai mu Thailand, mu tsofaffi biyu. A wani gidan gumaka na bakin teku ya ƙi shiga, ni na shiga bincike. Na fito na tarar da shi durƙushe cikin hayaƙin turare, yana jera takalman baƙi.

Na ce, "Yaya, sai liman ya ji."

Ya kama hannuna. "Rufa mini asiri."

Har ya kwanta ciwo ina razana shi da zancen, ban taɓa gaya masa wasa nake ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini.