Kokawar da Muka Kalla ta Wayar da Muka Binne

Abubuwa da yawa sun same ni a Libiya. Wasu na manta, wasu da gangan na ƙi tunawa. Amma kokawar da muka kalla a Sabha, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita raina ba.

A shekarun nan ne da ko'ina ka waiga a ƙasar sai taswirar Afirka. Tana bango, tana jikin mota, rediyo kuma kullum cewa yake ƙofa a buɗe take, 'yan'uwa su zo. Mu kuwa ba mu raina gayyata, muka kwaso ƙafa muka zo. Ashe 'yan'uwantakar da diga da shebur ake fara ta.

Wata safiya muna tsugune a bakin titin Mahdiya, inda masu neman leburori ke zuwa, wani ɗan kwangila ya tsaya ya cika bayan motarsa da mu. Mudir muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai ba da umarni a can. Ya ce za a yi babban taron zumunci na matasan Afirka a wani fili bayan gari, kuma abin kunya ne baƙi su ga wayoyi na reto a kan turaku. Aikinmu shi ne mu haƙa rami daga filin zuwa masaukin baƙi, mu binne wayar wuta da wayar hoto da ta kwamfuta. Ramin ya ratsa ta harabar kamfanin mudir, inda muke kwana a cikin wata rumfar kwano.

A cikinmu akwai wani dattijo mutumin ƙasar Tawa ta Nijar, kowa Baba yake ce masa. Gajere ne kakkaura, mai faffaɗar kafaɗa, in ya kafa diga mu matasa sai mu ji kunya. Ya baro gida ɗansa ɗaya tilo bai gama famfara ba. Ya yi ban ruwa a lambunan Samnu, ya hau dabino a Guduwa, ya ɗauki bulo a Sabha, kuma kowace shekara maganarsa ɗaya ce: bana zan koma. Har tsokanarsa nake yi, in ce, "Baba, wannan banar taka ba ta tsufa ne?" Sai ya yi dariya ya ce in bar shi ya ɗan ƙara tarawa.

Muna tsakiyar aikin wani direban kamiyo, wato babbar mota, daga Agadas ya kawo masa labari. Yaron nan ya girma ya zama ɗan kokawa, yana cikin tawagar da za a kawo daga Nijar, shi da wani ne ma za su rufe fili. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya sake cikin yini ɗaya kamar Baba ba. Ya daina hutun rana. In ka ajiye shebur don ka sha ruwa sai ya harare ka, kamar kai ne za ka hana taron.

Injiniyan aikin ya riga ya yi mana bayani tun farko. Wayar wuta, mai kauri kamar damtse, raminta daban. Siraran nan na hoto da kwamfuta a ba su tazarar kamu biyu, a zuba yashi, a jera bulo a tsakani, don in sun kusanci wuta hoto lalacewa yake yi. To, ƙasar wurin ta fi ƙarfinmu, dutse ne zalla a ƙarƙashin yashi, ranar taro kuma tana matsowa. Mudir ya zo ya ga ko rami ɗaya ba mu gama ba, ya ɗaga hannu sama.

"Rami biyu? Nahiya guda ake haɗewa, wayoyi uku ne za su gagara zama wuri ɗaya? Ku zuba su tare, yalla!"

Injiniya ya yi magana, aka ce masa ya je ya sha shayi. Mu kam har tafi muka yi, don duk wanda ya ce a rage haƙa a wannan ranar ta Sabha, a wurinmu waliyyi ne. Baba ya fi kowa murna. Shi ya dira cikin ramin ya kwantar da wayoyin gefe da gefe, har yana ɗaure su da igiya kada su rabu. Muka mayar da ƙasa muka daddanne. Da aka gwada, hoto ya fito tas, don a lokacin ba a kunna komai a filin ba. Mudir ya kalli injiniya ya yi murmushi.

Ranar taro Baba ya yi wanka tun asuba, ya sa sabuwar shadda, ya zuba turare har muna atishawa. Mu ma kowa ya ciro rigar da ya fi ji da ita. Muna shirin fita sai ga mudir da kwaɗo a hannu. Ya ce 'yan sanda sun cika gari suna duba takardu, mu kuma babu mai takardar zama, don haka saboda lafiyarmu yau babu fita. Ya ƙara da cewa manyan baƙi ne, bai kamata su ga leburori na yawo ba.

Na ce, "Mudir, taron Afirka ne fa!"

Ya ce, "Shi ya sa."

Baba ya roƙe shi da Larabci, ya roƙe shi da Hausa, ya kama hannunsa ya ce ɗansa ne, daga nesa ma ya isa. Mudir ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe in sha Allah, ya ja ƙofa ya datse. Katangar doguwa ce da fasassun kwalabe a kanta, motar 'yan sanda kuma tana tsaye a bakin hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai da na kalli Baba tsaye cikin shaddarsa.

Mai gadin harabar, wani tsoho ɗan ƙasar, shi ya tausaya. Ya buɗe mana ɗakin da wayoyin suka haɗu, inda injiniya ya bar ƙaramar talabijin ta gwaji. Muka cunkushe a ciki, aka sa Baba a gaba. Sai dai yanzu an kunna komai a filin, lasifikoki da na'urorin sanyaya rumfar baƙi, wuta na gudu a wayar iya ƙarfinta. Wani baƙin zane mai faɗi ya riƙa tasowa daga ƙasan allo yana hawa sama, kafin ya fice wani ya biyo. Mutane suna lanƙwashewa kamar ana kallonsu a cikin ruwa. Sauti kuwa ban da zuuu babu abin da ke fita, sunan kowa ba ka ji.

Haka muka kalli raye-raye da jawabai har aka zo kokawar ƙarshe, wajen la'asar. Mutum biyu suka shigo fili da layu a damtse, ɗaya gajere kakkaura, ɗaya dogo siriri. Fuska kam babu, duk lokacin da aka matso da hoto sai zanen nan ya bi ta kai. Baba ya kai hancinsa kusa da allo ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Baba, wanne ne?"

Ya buga ƙirji ya nuna gajeren. "Ga shi nan! Wannan kafaɗar gidanmu ce, ko a duhu na san ta."

Shi ke nan ɗaki ya ɗauka. Baba yana kirari, yana addu'a, yana cewa Allah ka karya dogon nan, Allah ka ɗauke masa ƙafa. Mu muna amin da ƙarfi, har mai gadi da ba ya jin Hausa. Ba a daɗe ba gajeren ya shiga ƙarƙashin dogon, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Baba ya yi tsalle har hularsa ta faɗi, ya rungume ni yana kuka yana dariya. Ranar shi ya dafa mana shayi da hannunsa.

Washegari da hantsi aka buɗe ƙofa. Baba ya kama hanyar masaukin baƙi da sauri, ina biye. Muka tarar ana shara, an kwashe baƙin zuwa filin jirgi tun da sassafe. Wani ɗan Nijar da ke yi musu girki, wanda ya san Baba, ya hango mu ya taho.

"Baba, ina ka shiga? Tun da suka sauka yaronka ke tambayarka. Ko a fili idonsa na kan jama'a, yana ta waige-waige, shi ya sa aka ɗauke shi kamar buhu. Dogon nan mana."

Baba ya ce, "Dogon?"

"Shi fa."

Baba ya ce a hankali, "Tsawon uwarsa ne." Sai ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa, a nan gefen hanya. Na tsuguna kusa da shi ina cewa ya yi haƙuri, hoton ne bai fito ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, bar ɗora wa waya laifi. Ko tas ya fito, gajeren zan zaɓa."

Kafin Juma'a ta zagayo Baba ya ɗaure kayansa. Kowa a tashar mota yana neman motar da za ta yi arewa, shi kaɗai yake tambayar ta kudu. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san yadda suka ƙare da ɗan ba.

Abin da na koya a ranar shi nake gaya wa duk mai shirin tafiya neman arziki. Ka tafi, ba laifi, amma kada ka daɗe har sai wani ya nuna maka ɗanka. Ni yau 'ya'yana sun girma, kuma ko a tsakiyar kasuwa ɗayansu ya juya mini baya, daga tafiyarsa nake gane shi.