Mutari namu na Guna ya kwanta a tsibirin kunkurun teku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutari ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina ƙofar gida da makullin moto a hannu, zan tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa. Salula ta yi ƙara, na ga lambar Gabon, na ɗauka da dariyata don na zaci shi ne. Har na ce, "Kai mai kunkuru, yau rezon salula ya tuna da kai?"

Sai na ji muryar wani daban, da Faransanci. Ya ce sunansa Silban, shi ne shef, wato shugaban su Mutari a wurin aiki. Ya tambaya ko ni ne Habu. Na ce ni ne. Ina jin iska da ƙugin ruwa a bayansa. Can ya ce, "Ɗan'uwanka ya tafi ɗazu da gari zai waye. Mun lulluɓe shi, amma ba mu san yadda kuke yi ba. Ka gaya mana yadda ake binne Musulmi."

A ƙasa na zauna, nan bakin ƙofa.

Na san wasunku ba su taɓa ganin sa ba, sai dai bidiyoyinsa da nakan sa a nan. Tare muka tashi a Guna, gonar babansa tana jikin tamu. Shi ya bar lakwal da wuri, ni na ci gaba har na zama malamin makaranta a nan Damagaram. Da babansa ya rasu sai ya bi ƴan ci-rani zuwa Gabon, yana yawo da tabarau da agogo a faranti. Tallar ba ta karɓe shi ba. Mutari ba ya iya yi wa mutum tsada, in ka yi masa fuskar tausayi sai ya bar maka kaya.

Wata rana masu gadin daji suna neman mai dafa musu abinci, ya ce ya iya. Bai iya komai ba sai shinkafa da wake. Da ita ya shiga. Daga wajen tukunya ya koma riƙe igiyar jirgin ruwa, daga nan ya koyi tuƙi, har ya zama shi ne direbansu.

Ku duba fa, mutumin Guna, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba.

Wuri biyu suke aiki. Rabin shekara suna cikin wani dajin fadama da hukuma ta hana sara da farauta. Sauran watannin kuma su koma wani ɗan tsibiri a cikin teku, inda kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai a rairayi.

Ranar da ya fara shiga dajin ya turo mini vokal, wato saƙon murya, har yanzu yana cikin salulata. Ya ce, "Habu, wallahi nan ƙasar ba ƙasa ba ce. Ganye ne da itace suka ruɓe suka taru tun zamanin kakannin kakanni. In ka taka sai ta lotsa kamar katifa. Ruwan kuma baƙi ƙirin kamar shayin farko, amma ka ɗebo a hannu ka ga tas yake."

Wata shekara rani ya yi musu tsanani, wuta ta kama wani gefe. Ya ce mini ba irin wutar dajinmu ba ce da za ka gan ta ka kashe da reshe. A ƙarƙashin ƙasa take ci, hayaƙi kawai ke fitowa, itatuwa suna faɗuwa da ganyensu shar saboda saiwarsu ta ƙone. Makonni suka yi yana jigilar mutane da injin ban ruwa. Da ya kira ni muryarsa ta dushe, amma abin da ya dame shi wani biri ne da suka tsinta da ƙonannun tafuka.

Haka yake.

A fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, an sha yi masa dariya. In ya zo hutu, Alhaji Ɗan Kano mai atamfa sai ya tare shi, "Ranka ya daɗe, sarkin ƙwai! A ce mutum ya bar Damagaram ya ƙetare ƙasashe don ya yi gadin ƙwan kififiya?"

Mutari ba ya fushi. Shi ma dariyar yake yi. Sau ɗaya ne na ga ya ajiye kofi ya ba da amsa. Ya ce, "Alhaji, uwar nan ta fi buhun gero nauyi. Daga nesa take zuwa, ta ja jiki da ƙyar ta hau tudu, ta haƙa rami, ta zuba ƙwanta, ta rufe, ta koma ruwa. Ba za ta sake ganin su ba. Karnuka na jira, kaguwa na jira, masu kwasa su kai kasuwa na jira. To wa zai tsaya musu?"

Alhaji ya ce, "Shi ke nan, na yi shiru."

Tun daga ranar, in na zo fada shi ke fara tambaya ta ko ƙwan sun ƙyanƙyashe.

Ɗalibaina, masu kirana Mushe, wato malam, su ma sun san shi. Na taɓa gaya masa ina koyar da darasin teku amma ba wanda ya taɓa ganin ta, har ni. Bayan kwana kaɗan sai ga bidiyo, ya ɗauka da sassafe: ƴan kunkuru ƙanana, ba su kai tafin hannu ba, suna fitowa daga rairayi suna rige-rigen shiga ruwa, shi kuma yana bin su a tsugune yana korar tsuntsaye da hularsa. Yana cewa, "Ƴan lakwal ɗin Mushe Habu, ga teku, ku gaishe ta!" Ajin ya kaure da ihu. Sai da na nuna musu har salula ta mutu.

Shekarar da ruwan sama ya rushe mini katangar gida, ya zo hutu da kaka ya tarar na kewaye da zana. Washegari na fito na same shi a tsakar gida ya naɗe wando yana kwaɓa ƙasa. Na ce, "Kai da ka zo hutawa?" Ya ce, "Matsa mini, Mushe, kai alli ka iya." Bai tafi Guna ya zauna sosai ba sai da katangar ta tsaya.

Ganinmu na ƙarshe, kakar da ta wuce ne. Na je Guna na same shi a gona yana ɗaurin gero. Da yamma muka zauna a tsakar gida, Iya mahaifiyarsa tana tsince wake, matarsa Rakiya tana dama mana fura, ƴarsu Nana tana kan cinyarsa tana wasa da wani ƙoƙon katantanwa da ya kawo mata.

Iya ta ce, "Mutari, ni na gaji da jin muryarka a cikin ƙarfe. Ka dawo gida haka nan."

Ya ce, "Iya, bari wannan lokacin ƙwan ya wuce. Na yi musu alkawari, ba su da wani direba a tsibirin. Da an gama zan tattaro."

Ta ce, "Haka ka ce bara."

Ya yi dariya ya ce bana da gaske yake. Har ya nuna mini wajen fadamar garinmu inda yake son ya dasa itatuwa ya yi lambu in ya dawo.

Ni na kai shi tasha a kan moto. Ya hau mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Habu, ka riƙa leƙa Iya." Na ce ko bai faɗa ba. Motar ta tashi.

Shi ke nan.

Silban ya gaya mini zazzaɓi ne. Ya fara kamar wasa, Mutari ya sha maganin da suke da shi, bai sauka ba. Teku kuma ta yi kwanaki tana hauka, ba jirgin da zai iya zuwa daga gaɓa. Nasu jirgin yana nan a ɗaure, amma mutum ɗaya ne a cikinsu ya iya ratsa wannan ruwan da shi, shi ne kuma a kwance. Mutumin da ya sha kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibiti, ranar tasa ba a samu mai kai shi ba. Wai jiya ma yana ce musu su kwantar da hankali, gobe zai tashi ya tuƙa kansa.

Silban ya ce da jikin ya yi nauyi sai Mutari ya riƙe masa hannu ya ce, "In wani abu ya faru, Habu za ka kira. Kar Iya ta ji a salula."

Da na tashi, moto na hau na nufi wajen Malam Sanusi, limamin unguwarmu. Na same shi a zaure. Na gaya masa, ya yi salati, ya ce in kira su in buɗe murya.

Abin da ya fara tambaya shi ne ko za a iya kai shi gari inda Musulmi suke. Silban ya ce ruwa bai kwanta ba, ga zafi, gawar ba za ta jira ba. Malam ya ce, "To a duba tsibirin, ko mutum ɗaya ne mai sallah." Suka tura wani zuwa ɗaya gefen tsibirin, inda masunta ke da bukkoki. Muka zauna muna jira, Malam yana jan carbi, ni ina kallon salula.

Aka samo wani tsoho, Baba Isa, masunci daga Benin. Ya ce yana sallah, amma bai taɓa wanke gawa ba, tsoro yake ji kar ya yi ba daidai ba. Malam ya ce, "Gaya masa kar ya ji tsoro. Ni zan faɗa, shi ya yi, Allah ya ga niyyarsa."

Haka aka yi. Malam yana faɗa da Hausa, ni ina juyawa da Faransanci, Silban yana miƙa wa tsohon. A fara da alwala. A fara da dama. A zuba ruwa a hankali, a rufe masa jiki. Rezo ya yanke, mu sake kira, ya sake yankewa. Akwai inda na kasa ci gaba, Malam ya dafa gwiwata ya ce, "Daure, Habu, hakkinsa ne a kanka."

Ba su da likkafani. Wata mata daga bukkokin masunta, ba Musulma ba, ta kawo sabon farin yadi da ta ajiye, ta ce a sa masa. Ta ce shi ya taɓa kai ta haihuwa.

Da Malam ya zo bayanin alƙibla, Silban ya ce wannan kam sun sani. Kowa a tsibirin ya san inda Mutari ke fuskanta, akwai wata bishiya da ya share gindinta yake shimfiɗa dardumarsa. Can kusa suka haƙa, a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, nesa da inda kunkuru ke haƙa nasu ramin.

Baba Isa ya tsaya shi kaɗai ya yi masa sallah. Malam ya koya masa kabbarorin, ya maimaita har ya riƙe. Silban ya ce sauran duk sun tsaya daga baya, sun cire huluna, ba mai motsi. Mu a nan zaure muna jin kabbarar tsohon sama-sama, iska tana kwashe rabi.

Ban taɓa ganin Malam Sanusi yana share hawaye ba sai yau.

Bayan azahar muka kama hanyar Guna, ni da shi. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ban samu ko kalma ba. Muka yi sallama. Iya tana zaune a inuwar rumbu. Ta dube ni, ta dubi Malam, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

Ta ce, "Mutari ne?"

Na ce, "Shi ne, Iya."

Rakiya ta fito daga ɗaki da Nana a hannu, ta ji, ta sulale jikin bango. Maƙwabta suka fara shigowa. Iya ba ta yi kuka a lokacin ba. Sai ta ce, "An yi masa wanka?"

Na ce an yi.

"An yi masa sallah?"

Na ce an yi, Malam ne ya tsaya a kai tun daga farko har aka rufe.

Ta ce, "Wa ya wanke mini shi a can?"

Na ce wani tsoho ne masunci, bai san mu ba, ba mu san shi ba.

Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ba shi masu yi masa ranar tasa." Sai a nan kukan ya zo mata.

Yanzu na dawo Damagaram, gobe da safe zan koma. Ana zaman makoki a gidansu a Guna, duk wanda ya samu hali ya je ya yi wa Iya da Rakiya gaisuwa. Wanda Mutari ya taɓa ɓata wa rai, ko da wasan fada ne, don Allah ya yafe masa.

Ya Allah, bawanka Mutari ya zo gare ka daga wuri mai nisa, ba uwa a kusa, ba ɗan'uwa. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Tausayin da ya yi wa halittunka, manya da ƙanana, ka sa ya tarar da shi. Ka ba Iya da Rakiya haƙuri, ka raya Nana ka shirya ta. Ka saka wa Baba Isa da matar da ta ba da yadinta da duk waɗanda suka tsaya a kansa da alheri.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, kar ka wuce haka. Kabarinsa yana inda yawancinmu ba za mu taɓa zuwa ziyara ba, addu'a ce kaɗai za ta iya isa can. Ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka sa shi a sujadarka ta yau.

Allah ya jiƙan ka, Mutari. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.