Walkin Baba a Kasuwar Mayahi

Shekarun baya, lokacin ina ɗawainiya da yaran ƙwallon unguwarmu a Mayahi, aka gayyace su gasa a Tasawa. Ba kuɗin mota, rabinsu kuma ba takalmi. In Asabar ta yi ba mu je ba, an cire mu.

Wani abokina da ya yi karatu a waje ya kawo shawara. Wai can tsofaffin 'yan wasa kan ba da rigunansu a yi gwanjo, masoya su saya da tsada. Ni da saurin yarda, na bi gida-gida ina tattara mayo, wato rigunan wasa, da kofunan gasa da suka yi tsatsa, ranar kasuwa muka baza a tabarma.

Har azahar ba ciniki. Wata tsohuwa ta ɗaga rigar fitaccen golanmu ta ce, "Wagga ko tsumman goge tukunya, sai an yi man ragi."

A ƙasan kayan akwai walkin kokowa na mahaifina. Da ƙuruciya ya yi kaye daga garin Sarkin Hausa har Maijirgi. Na roƙe shi ne don cika tabarma kawai, ya ba ni, ya biyo ni ya zauna a gefe.

Wani matashin ɗan kokowa ya hango walkin, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi abin da aka ɗinke a cikin walkin.

Baba ya ce, "Ɗana, fata ce kawai. Babu laya ciki, ban taɓa sa ko guda ba."

Matashin ya yi murmushi ya taya. To, a wurinmu ba ɗan kokowar da ke amsa cewa yana da asiri, don haka duk musun da Baba ya yi sai wani ya ƙara kuɗi. Da ya rantse, har wani mai moto, wato babur, ya tsaya ya taya. Kafin in miƙa walkin, ni ma na faki ido na mammatsa ɗinkin gefensa da yatsa, ko zan ji wani abu.

Kuɗin sun isa mota da takalma. Yara suka je, aka fitar da su a wasa na biyu, suka dawo suna waƙa.

A hanyar gida ranar kasuwar nan, ina ta murna, Baba ya ce, "Na ga hannunka."



Ya ƙara da cewa, "Shekara arba'in ina hwaɗa ma mutane ƙarfina gero ne da tashin asuba. Na ɗauka ko kai ka yarda."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Yanzu idan yaro ya ci ƙwallo aka fara cewa an yi masa rubutu ya sha, nakan ce a'a, gudu ya yi. Ba kowa ke yarda ba, kuma ba ni da bakin jin haushi.