Alayyahun Bayan Gida

Shekarar da matata take da cikin fari, ma'aikaciyar awo a Kazaure ta ja fatar idonta ta leƙa, ta ce jininta ya yi ƙasa, kuma in bai ƙaru kafin haihuwa ba akwai haɗari. Ta ba ta magani, ta ce ta dage da ganye da wake. Muka koma Roni na kai wa mutanen gida labari.

Baba kuwa har da murmushi, don an zo fagensa. A gidanmu ba a cin ganyen kasuwa, sai na gonar da ya gada. Gonar nan ta gaji, kowa ya sani. Kowace kaka mukan kwashe kara da harawa tas mu kai wa dabbobi, ba ma mayar mata da komai sai ɗan takin zamani. Alayyahunta siriri ne, ya koɗe, in an dafa sai ka rantse ruwan zafi aka yi wa ado. Haka zai ɗauro shi a bayan keke, ya ce a ba 'yarsa, wato matata, ta ci ta yi jini.

Inna takan karɓa hannu biyu, har da godiya. Yana ba da baya sai ta watsa wa awaki, ta zagaya jujin bayan gida inda muke zubar da toka da kashin dabbobi. Can alayyahu ya tsiro da kansa, kore shar, ganye kamar tafin hannu. Ta wanke shi fes ta kaɗa miya. Ni ne mai gadin ƙofa, ƙato da ni, ina danne dariya har hawaye.

Da muka koma awo aka ce jini ya ƙaru. A kan babur na dinga waƙa, matata tana mintsinina wai mutane na kallo. Baba ya bi majalisa yana yabon gonarsa.

Matata ta sauka lafiya, mace. Ranar suna daɗi ya kwashe ni, na tsuguna gaban Baba yana rungume da jaririyar, na fara kame-kamen gaya masa gaskiya. Bai ko ɗago ba.

"Kai yaro, ni ma daga tukunyar nake ci. Ka ɗauka ban san ɗanɗanon gonata ba?"

Ya gyara wa jikarsa zani, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙasar mahaifina ce. Bakina ba zai iya cewa ta gaji ba."