Ranar da Na Hana Motar Malamina Shiga Fili

Shekarun baya, lokacin ina wata makarantar koyon sana'a da ke tsakanin Kura da Bunkure, ni ne mafi ƙanƙanta a ajinmu. Ba a shekaru ba, a jiki. In iska ta taso abokaina kan ce in nemi bishiya in riƙe. Wannan ramar ce ta sa malaminmu na kanikanci ya zaɓe ni in tuƙa motar da muka ƙera, don haka kada wani ya ɗauka basira ce ta kai ni.

Malamin nan mutumin Filato ne, Kirista, ya zo yankinmu tun yana saurayi ya zauna. Babu manomin rani daga Kura har Garun Malam da bai san shi ba, domin in injin ban-ruwa ya ƙi tashi, shi ake nema. Sai ya durƙusa ya kara kunne, ya ce a ja igiya sau ɗaya, ya faɗa maka ciwon kafin ya taɓa sufana.

Shi ya jiyo labarin gasar. Kowace makaranta za ta ƙera 'yar mota mai ɗaukar mutum ɗaya, a zuba wa kowa fetur daidai wa daida, wadda ta fi yin nisa kafin fetur ɗinta ya ƙare ita ta ci. Ba gudu ake nema ba, tattali ake nema. Muka haɗa tamu da tsohon injin ban-ruwa, da tayoyin keke uku, da bututun ƙarfe, muka lulluɓe ta da langa-langa. A kwance nake tuƙa ta. A hanyar gefen kanal muke gwaji, masu dashen shinkafa su miƙe su riƙe ƙugu suna dariya, suna cewa ga makara mai taya nan ta fito.

Gasar farko a wani filin ƙwallo aka yi ta a cikin Kano. Makarantun da suka zo ba su cika yatsun hannu biyu ba. Da igiya da duwatsu aka shata hanya, man kuma da sirinji ake auna shi. Muka zo na biyu. Malam ya ɗaga ni sama kamar buhun da bai cika ba. Da muka dawo ya je har gida ya zauna da mahaifina, wanda ya riga ya ware mini kadada a gonar shinkafa, bai tashi ba sai da aka amince in wuce jami'a.

Daga nan ni da gasar muka yi ta girma tare. Jami'o'i suka shigo, kamfanoni suka fara sa hannu, aka bar filin ƙwallo aka koma kan kwalta mai santsi. Motoci masu batir suka zo, sannan masu hasken rana. Ɗalibai suka fara zuwa da kwamfuta suna jona ta a jikin mota. Dokoki da a da shafi biyu ne suka zama littafi guda. Ni kuwa daga mai ɗauko kujeru a wurin gasar na zama ɗaya daga cikin masu duba lafiyar motoci kafin a bar su su shiga fili. Aka ba ni riga mai tambari da kati na ratayawa a wuya. Kun san mutum da sabon kati, har masallaci da shi nake zuwa.

Makarantarmu ba ta daina zuwa ba, sai dai kowace shekara tana ƙara yin baya. Akwai shekarun da ma ba su samu zuwa ba. Sai wata shekara Malam ya kira ni a waya.

Ya ce, "Direbana, bana ce ta ƙarshe, ritaya zan yi. In ka samu sarari ka leƙo ka ga abin da yaran suka yi. Idonka ya fi nawa sanin abin da ake so yanzu."

Na ce, "In sha Allahu, Malam, Asabar mai zuwa ina nan tafe."

Asabar ta zo, akwai ɗaurin auren abokin aiki. Ya sake kira, na ce wata Asabar ɗin. A kira na uku ina cikin taro, na ga sunansa a waya na kife ta, na ce zan neme shi in an tashi. Ban nema ba. Bai ƙara kira ba.

Ranar gasa da hantsi na hango su. A bayan a-kori-kura suka ɗauko motar, irin wadda ake lodin tumatir, har da ragowar ganyen da ake rufe kwanduna a maƙale a jikinta. Suka sauke ta kusa da ta wata jami'a mai sheƙi kamar ƙwai. Na je gaishe shi, kuma wallahi da Turanci na fara, saboda abokan aikina na tsaye. Ya dube ni, ya amsa da Hausa, "Lafiya lau. Ya aiki?"

A layina motarsu ta faɗo. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Walda tsaf, inji yana tashi da ja ɗaya, ƙararsa a kwance. Wata ɗaliba ce direbarsu, 'yar siririya kamar yadda nake a da, ta sa hular kwano a kan hijabinta. Amma ina leƙawa bayan kujera na ga matsala. Babu katangar da ke raba direba da inji saboda gobara. Birki kuma ɗaya ne, alhali doka ta koma biyu, na gaba daban na baya daban.

Na faɗa wa Malam a hankali. Ya ce ba haka ba ne, ya buɗe jakarsa ya zaro littafin dokoki. Hoton takarda ne da ya sha hannu, kowane layi an ja masa jan biro, an yi alamar an cika shi. Babu wanda suka tsallake. Na duba bangon, na ga na shekara uku baya ne. Sabon a intanet kawai aka sa shi, ni kuma yana cikin wayar da ke aljihuna tun watanni.

Ya ce, "An canza ne?"

Na ce, "An canza, Malam."

Ya ce, "Zuwa yaushe za ku rufe?"

Na ce la'asar.

Aikin kwana biyu ne a shago, suka ce za su yi shi a awa biyar. Suka tura motar waje wurin wani mai walda a bakin titi. Ina duba motocin wasu, hankalina na can. Ana kiran la'asar suka dawo, rigar Malam ta jiƙe sharkaf, ya ƙone a yatsa biyu. Katanga ta samu. Birki na biyu kuma sun ciro shi daga wani tsohon keke sun ɗaura.

Gwajin birki shi ne a ɗora mota a kan katako mai gangara, direba na ciki, ya riƙe birki ɗaya, mota ta tsaya cak. Birkin gaba ya riƙe. Na ce wa yarinyar ta saki ta kama na baya. Ta kama, ina ganin jijiyoyin hannunta. Motar ta tsaya kamar za ta yi, sai ta fara silalowa a hankali. Ba ta fi taƙi ɗaya ba ta sake tsayawa.

Shugabanmu na masu duba motoci ya ba da baya yana waya. Babu wanda ya gani sai ni da Malam da yarinyar. Biro na hannuna. Na daɗe ina kallon takardar nan. Na tuna kwanar da ke ƙarshen fili, inda hanya ke gangarawa, da motoci masu batir da ke fitowa ba a jin ƙararsu. Na rubuta ba ta wuce ba.

Yarinyar ta fito, ta cire hular ta rungume ta a ƙirji. Ta ce, "Yallaɓai, ko zagaye ɗaya ne? Ba sai an rubuta mana komai ba. Babana tun daga Bunkure ya biyo mu a babur, ga shi can a bakin shinge."

Na waiga na gan shi, dattijo da rawani a kafaɗa, yana ɗago mata hannu, bai san abin da ake ciki ba. Na je na roƙi shugabanmu. Ya ce in aka bar ɗaya sai an bar kowa, kuma in wani abu ya faru wa zai amsa? Gaskiya ya faɗa. Na dawo na kasa haɗa ido da ita, na girgiza kai kawai.

Malam ya ce wa ɗalibansa, "Ku kama mu ɗora." Da suka gama ɗaurewa ya juyo ya ba ni hannu. Ya ce, "Mun gode, Injiniya." Bai taɓa kirana da haka ba.

Bayan sati biyu na shirya na tafi wurin Malam. Na same shi a bakin kanal, ya kwance wa wani mai albasa inji, sassan a shimfiɗe a kan buhu. Na tsuguna na fara ba da haƙuri, ina kawo maganar doka, da gangara, da kwana. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Wannan ka yi daidai. Da ka sa hannu a birkin nan da na ji kunyar na koyar da kai. 'Yar mutane ce a ciki." Ya ci gaba da goge fulogi da tsumma. Can ya ce, "Abu ɗaya nake so in tambaye ka. Yau da ka taso daga Kano, awa nawa ka yi a hanya?"

Na ce ban kai awa ɗaya ba.

Ya ce, "To." Ya miƙo mini hannu in ba shi sufana.

Ƙarshen zangon nan ya yi ritaya ya koma garinsu. Ba a samu wanda ya karɓi aikin motar ba, makarantar ba ta sake shiga gasar ba har yau. Yarinyar ban san inda rayuwa ta kai ta ba. Ko sunanta ban tambaya ba, lambar motarsu kawai na rubuta.

Gasar kuwa sai ƙara bunƙasa take yi. Ina nan cikinta, kuma ba na cewa dokokin ba su da amfani, na ga ranar da suka ceci rai. Amma duk shekara in na duba jerin masu zuwa, sai in ga babu makaranta irin tamu ko ɗaya. Ba wanda ya kore su. Abin ne ya yi gaba, waɗanda ya kamata su waiwayo su miƙa musu hannu kuma suna da ɗaurin aure ranar Asabar. Yanzu da kaina nake buga sabbin dokoki a takarda in kai makarantun ƙauye. Wasu su karɓa da godiya, wasu su ce ai malamin da ke wannan harkar ya daɗe da tafiya.

Mun ci gaba da gaisawa da shi a waya, ya kira ni da Sallah, in kira shi da Kirsimeti. Maganar ba ta sake tasowa ba. Shekara huɗu bayan haka ɗansa ya kira ya ce Baba ya rasu, jibi za a binne shi. Ban duba ko ina da taro ba, ban ce sai Asabar ba. Washegari da sassafe na kama hanya, awa shida cur ina tuƙi, na isa a kan lokaci.