Shayin da Ba Ya da Kumfa

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ban ga ranar da zai kwashe wannan la'asar ba. Ni ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba, amma Allah ya ba ni ido, kuma wani lokaci ido azaba ne.

Muna zaune a Talaje, nan Yamai, tun da muka baro Damagaram. Maigidana mutum ne mai shayi. In ya zauna gaban gawayinsa, ko gobara ake a maƙwabta sai ya gama. Yakan ɗaga buta sama ya tsiyayo, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a finjali kamar auduga. Kuma ba ya buɗe muhimmiyar magana sai a zagaye na uku. Yakan ce na farko na gaisuwa ne, na biyu na hira, na uku kuwa na wanda ya zauna.

A shekarar nan likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, sai dai lallaɓawa. Maigidan ya hana ni faɗa wa kowa. Wata Juma'a ya ce mini, "Yau yaron nan zai zo. Ba na son ya ji a bakin wani. Akwai kuma abin da zan ce masa tsakanina da shi."

Yaron nan ɗanmu ne na fari, babban ma'aikaci a buro, wato ofis. Ya iso bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida ubansa, salularsa na hannu. Ina bakin madafa ina tsince shinkafa, ina kallonsu. Na ga tsohon ya ɗaga buta, hannunsa ya kama rawa, shayi ya zube a tire. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai ya sauke hannun ƙasa-ƙasa ya zuba kamar mai zuba ruwa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ya miƙa wa mutum shayi babu kumfa ba sai ran nan.

Yaron ya karɓa, idonsa na kan waya, ya kurɓe.

"Yaya ka ji shi?" in ji uban.

"Kamar kullum, Baba. Ai hannunka ba ya tsufa."

Na ji kamar an soke ni. Na buga tiren shinkafar a ƙasa, na yi gyaran murya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in tsawata masa gaban ubansa. Da na ga abin ya ƙi, na ce, "Kai, wannan abar ta hannunka, ita ta haife ka?"

Ya yi dariya. "Inna ke nan! Aiki ne wallahi. Ina jin ku."

Bai kai ga na biyu ba aka kira shi. Ya miƙe yana magana da Faransanci, ya ce gobe da asuba za a tura shi Tawa, in ya dawo zai zo su wuni. Uban ya ce, "Saura biyu fa." Ya ce, "Ajiye mini, Baba." Tsohon ya bi bayansa da kallo har ƙofa, sannan ya ɗebi ruwa ya kashe gawayin. Ya ce mini, "Bar shi. Bai zo ba tukuna."

Kafin ya dawo daga Tawa an kai ubansa makwanci.

Bayan sadakar bakwai ya same ni a ɗaki, idonsa jawur. Na gaya masa zancen likita, na gaya masa zancen kumfa. Ya ce, "Wallahi, Inna, ban tuna ko na sha ba ma. To me yake son gaya mini?"

Na ce, "Ban sani ba. Na uku ne, ba ka zauna ba."

Na san maganar ta yi masa nauyi, amma wace zan ƙago masa? Yanzu duk Juma'a yana zuwa, ya bar salular a mota, ya hura gawayin ubansa, ya dafa har zagaye uku. Kumfarsa ma ta fara tsayawa. Sai dai ya sha na ukun shi kaɗai, yana kallon buzun ubansa, babu kowa a kai.

Abin da na koya ke nan, kuma bai yi mini maganin komai ba: inda ka ajiye jikinka, ajiye hankalinka a wurin. Wanda ke gabanka yana miƙo maka abu, dube shi, dubi hannunsa. Ba kowane shayi ake ajiye wa mutum ba.